Littattafan atisayen kakakin Turawa: ta ina ake kama su?

Tambaya: Malam, shekara uku ke nan ina busa kakakin Turawa a ƙungiyar badujala. Da kunne da do-re-mi na koya, yanzu na fara karanta rubutun kiɗa. Na sami littafin Arban da na Clarke, na kama na Arban daga shafin farko ina bi ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin minti 20 leɓena ya mutu, sautin sama ba ya fita, yatsuna kuma suna harɗewa in an yi sauri. Littattafan ne suka fi ƙarfina, ko akwai yadda ake bin su?

Amsa: Ƙanena, littattafan ba su fi ƙarfinka ba. Ka ma yi dace, domin da wuya ka sami gwanin kakaki a manyan ƙungiyoyin kiɗa wanda bai bi ta kan waɗannan biyun ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bin shafi-shafi da kake yi. Littafin Arban kantin magani ne, kowane ciwo da kantarsa, ba kuwa mai shiga ya fara sha daga kwalbar bakin ƙofa har ya kai ta ƙurya. Kowace rana za ka ɗebo kaɗan daga wurare huɗu ko biyar, ka busa su ƙasa-ƙasa, sannu-sannu, kana hutawa tsakani.

Jean-Baptiste Arban Bafaranshe ne, an haife shi a Lyon a 1825, ya rasu a 1889. Littafinsa ya fito a Faris a 1864, kuma don konet ya rubuta shi, ɗan'uwan kakakin nan da ya fi shi gajarta da taushin murya. Yatsunsu ɗaya ne, shi ya sa masu kakaki suka gaji littafin. A zamaninsa maɓallan nan uku da kake dannawa sabon abu ne: wajen 1815 aka ƙirƙiro su a Jamus, irin wanda ke jikin naka kuma, na Périnet, sai wajen 1839. Mutane suna yi wa konet kallon abin busa na gidan rawa, shi kuwa Arban yana so ya nuna cewa duk abin da mai gogen Turawa ko mai sarewa zai yi, konet ma zai yi. Sai ya rarraba sana'ar gunduwa-gunduwa. Akwai sashen fara fitar da sauti, da na haɗa sautuka ba tare da harshe ba, da na tsani, wato do-re-mi daga kowane sauti, da na ado, da na tsalle tsakanin sautuka masu nisa, da na bugun harshe bibbiyu da uku-uku, sannan waƙoƙi da manyan darussa 14 a can ƙarshe. Kowane sashe yana farawa da sauƙi ya ƙare da wuya. Ka ga ke nan mai bin shafi-shafi zai afka wa ƙarshen sashe na biyu, mai wahalar gaske, tun bai taɓa farkon sashen tsani ba, wanda ɗan koyo na wata shida zai iya.

Amma bari mu fara da leɓen da ke mutuwa, don in ba a gyara wannan ba sauran duk wahalar banza ce. Sautin kakaki daga leɓe yake fitowa. Iska ce ke ratsa tsakanin leɓɓa biyu ta sa su karkarwa, ƙarfen kuma ya ɗauka ya ƙara masa amo, kuma naman da ke wannan aiki ɗan ƙanƙane ne. Masu badujala a fili suke busa, ganguna na tashi a bayansu, kowa na so a ji shi, sai a saba da busa da ƙarfi ko da yaushe. In sauti ya ƙi hawa, hannun hagu ya jawo kakakin ya danne leɓe a kan haƙora. Dannewar tana biyan bukata na ɗan lokaci, nan ne haɗarinta yake. Sautin zai fita yanzu, amma jini ya rage gudu a wurin, leɓe ya kumbura, kumburarren leɓe kuwa ba ya karkarwa, sai a ƙara dannewa. Minti 20 ɗinka daga nan ya samo asali. Duba madubi bayan ka busa. Ɗan jan zobe da ke ɓacewa nan da nan ba komai ba ne. Zobe mai zurfi da ke daɗewa, ko sawun haƙori a cikin leɓe, shaida ce cewa hannu ke yin aikin iska.

Magani na farko hutu ne, kuma ƙa'idar da malaman kakaki suka daɗe suna nanatawa ita ce ka huta gwargwadon yadda ka busa. Ka busa layi na daƙiƙa 20, ka cire kofin busa daga baki na daƙiƙa 20, cirewa gaba ɗaya, kada ya zauna yana taɓa leɓe. A cikin hutun ka rera layin da bakinka, ko ka riƙa danna maɓallan kana fitar da iska kawai. Zama biyu na minti 25, ɗaya da safe ɗaya da yamma, sun fi zama ɗaya na awa guda amfani nesa ba kusa ba. Ranar da kuka yi fareti ko dogon biki, washegari kada ka taɓa abu mai wuya; dogon sauti ƙasa-ƙasa na minti 10 ya isa. Ka riƙa tsayawa tun da sauran ƙarfinka, domin duk abin da ka maimaita da gajiyayyen leɓe jiki zai haddace shi, dannewa kuwa ita zai haddace.

Yanzu ɗauki kakakin, kada ka danna komai. Za ka sami C na ƙasa, G, C na tsakiya, E, G na sama (a rubutun kiɗa C shi ne do, E mi, G so), in ka yi nisa har C na can sama. Da irin waɗannan kaɗai mai begila yake busa duk kiran bariki, kuma a kan wannan ƙa'idar kakakin fada yake, shi ma ba shi da maɓalli ko huda. Maɓallan ba abin da suke yi sai ƙara wa bututun tsawo, wanda dama ya kusa mita ɗaya da rabi in an miƙe shi. Na biyu yana sauke sauti rabin taku, wato tazarar fa zuwa mi, na ɗaya taku guda, na uku taku ɗaya da rabi, haɗin yatsun duka kuma bakwai ne. Wato begila bakwai ke hannunka a jiki guda. Yatsa yana zaɓar begilar, amma hawa da sauka a cikinta aikin iska ne da leɓe da harshe, kuma shi atisayen zamiya yake koyarwa, inda za ka tashi daga C zuwa G ka dawo ba ka canza yatsa ba, ba ka kuma buga harshe ba.

Fara da sautuka biyu kacal, G zuwa C na ƙasa ka koma, a kan haɗin yatsu bakwai ɗin bi da bi: babu komai, 2, 1, 1-2, 2-3, 1-3, 1-2-3. In za ka hau, bayan harshenka ya ɗaga kamar mai cewa "aa-ii", yadda yake yi in kana fito. In za ka sauka, "ii-aa". Iskar ba ta yankewa. Kasa kunne a tsakanin sautukan biyu, don nan aibin yake ɓuya: ɗan shiru, ko ƙugi a maƙogwaro, ko wani sauti na uku da ya kutso kai. Sashen zamiya na Arban yana saurin hawa sama, don haka ka zauna a shafukansa na farko ko da watanni ne, ba abin kunya ba ne. In ka sami littafin Max Schlossberg, Daily Drills and Technical Studies, farkonsa ya fi tausayin leɓe. Schlossberg ya yi shekara 26 yana busa a ƙungiyar New York Philharmonic, kuma sauraron ɗalibi yake yi ya rubuta masa 'yan layukan da suka dace da matsalarsa. Bayan rasuwarsa a 1936 surukinsa ya tattara su aka buga a 1937. Wanda ya ce zai busa shi daga bango zuwa bango kullum ya saɓa wa niyyar mai shi.

Littafin Clarke shi nake so ka fi ba lokaci a wannan shekarar. Herbert L. Clarke, wanda ya rayu daga 1867 zuwa 1945, Ba'amurke ne, shi ne gwanin konet a ƙungiyar John Philip Sousa, wadda ta yi ta zagaya Amurka da ƙasashen waje, sau da yawa wasa biyu a rana. Mutumin da zai tsaya gaban jama'a ya busa shi kaɗai, gobe ma haka, jibi ma haka, dole ya san tattalin leɓe. Technical Studies ya fito a 1912, darussa goma ne, ɗan siriri in an ajiye shi kusa da na Arban. Buɗe darasi na ɗaya ka dubi alamar da ke ƙarƙashin layin: pp, wato ƙasa-ƙasa ƙwarai. Da yawa daga masu bitar littafin idonsu tsallake haruffan nan biyu yake yi, alhali rabin amfaninsa a cikinsu yake.

Busa ƙasa-ƙasa ba ta karɓar ha'inci. In da ƙarfi ne, yawan iska yana tilasta wa leɓe karkarwa ko da zamansa bai daidaita ba. Ƙasa-ƙasa kuwa, sai ƙofar da ke tsakanin leɓɓan ta zama 'yar ƙarama a tattare, kusurwoyin baki sun riƙe, tsakiya a sake, sannan sauti zai yarda ya fita. Wannan zaman leɓen shi ne dai wanda sautin sama yake bukata. Ga shi kuma ba ya gajiyarwa, don haka za ka iya maimaitawa da yawa. Darasin kansa hawa ne da sauka da rabin taku, sautuka bakwai, daga F♯ na ƙasa zuwa C a layin farko (alamar ♯ ƙarin rabin taku ce, ♭ kuma ragin rabin taku), kowane layi na gaba ya ɗaga rabin taku. Kada ka fara daga layi na 1, domin can ƙasa haɗin yatsun ya fi nauyi, amo ma ya fi wuyar tsayawa. Fara daga na 13, wanda ke tsakiyar murya, ka je na 12, ka dawo na 14, sai 11, sai 15, kana faɗaɗawa sama da ƙasa. Inda amo ya fara ƙuntata, nan ne iyakarka ta yau. Clarke yana so a maimaita kowane layi sau da yawa cikin numfashi ɗaya, amma wannan buri ne na gaba. Yanzu sau biyu masu tsabta sun wadatar, kada ka matse huhu har wuyanka ya ɗaure don cika lissafi. Kada kuma ka ɗauka ƙasa-ƙasa tana nufin macacciyar iska. Ja numfashi cikakke kamar za ka busa da ƙarfi, ka sake shi siriri yana gudu.

Harɗewar yatsu kuwa darasi na biyu ne maganinta, wanda ke farawa do-re-mi-do, re-mi-fa-re, ya bi ta kowane tsani. Tunda da do-re-mi ka koya, kunnenka zai riga idonka, wannan kuwa riba ce: haddace salon, ka busa shi ba ka kallon takarda. A tsanin C da F da G zai zo maka da sauƙi. A tsanin A♭ da B da D♭ na ƙasa za ka ji yatsa na uku ya ƙi bin umarni, don jijiyoyinsa a haɗe suke da na maƙwabtansa, haka Allah ya halicci hannun kowa. Layukan da kake gudu su ya kamata ka fi zama a kansu. Ɗora kan yatsu a bisa maɓallan, a lanƙwashe, babban yatsa a ƙarƙashin bututun baki tsakanin maɓalli na ɗaya da na biyu. Ƙaramin yatsa ka fitar da shi daga ƙugiyar nan da ke bisa bututun baki, domin in yana ciki yana riƙe na uku, kuma da shi ake jawo kakaki a danne leɓe. Danna maɓalli da zafin nama har ƙasa ko da kiɗan sannu yake tafiya. Maɓallin da ya tsaya rabi shi ke kawo gurɓataccen sautin nan a tsakani.

Sauke manhajar metronom a wayarka, wato mai buga maka ƙidaya daidai wa daida a saurin da ka zaɓa. Nemo saurin da za ka busa layin sau uku a jere babu tuntuɓe, ko da bugu 60 ne a minti, ka rubuta lambar da fensir a gefe. Gobe ka fara daga nan, ka ƙara bugu 4 in ya yi tsabta, ka koma baya in ya lalace. In wuri ɗaya ne ke kayar da kai kullum, ware sautuka huɗu ko biyar ɗin, ka busa su dogo-gajere, dogo-gajere, sannan gajere-dogo, sannan ka mayar da su cikin layin. Mai komawa farkon layi duk lokacin da ya yi kuskure, abin da ya riga ya iya yake ta maimaitawa. Za kuma ka lura D da C♯ na ƙasa, masu yatsu 1-3 da 1-2-3, suna fita sama da inda ya kamata. Haka suke a kowane kakaki, kuma zoben da ke jikin bututun maɓalli na uku don su aka yi shi. Tura shi waje kaɗan da yatsan hagu in ka daɗe a kansu. In ya ƙame, a wanke a shafa masa mai.

Sai harshe. Arban ya rubuta "tu" a ƙarƙashin sautukansa, amma da bakin Faransanci, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko sun san wasalin nan: leɓe a zagaye kamar za a ce "u", harshe kuma a gaba kamar za a ce "i". In ka furta shi "tuu" mai zurfi, harshe zai koma baya, bugun ya yi nauyi. Kan harshe yana taɓa bayan haƙoran sama ne, inda suka haɗu da dasashi, kuma Arban da kansa ya bayyana cewa janyewa yake yi ya buɗe wa iskar da ke jira hanya. Kada ka rufe sauti da harshe, "tut", ɗabi'ar da ta yi yawa a masu fareti. A bar shi ya ƙare da tsayawar iska ko da farkon na gaba. Gwajin mai sauƙi ne: busa layin Clarke da zamiya, ka maimaita shi da harshe, ka ji ko amon ya canza.

Bugun bibbiyu, "tu-ku", da na uku-uku, "tu-tu-ku", masu sarewar Turawa sun riga sanin su, Arban ne ya yi suna da kawo su kan konet. Ka jinkirta su har bugunka na ɗai-ɗai ya yi tsabta, in ka shiga kuma ka kula da wani abu da ya shafe mu Hausawa musamman. Muna da k, muna da ƙ. Wajen furta ƙ maƙogwaro rufewa yake yi, iskar huhu ta yanke, 'yar wadda ke cikin baki ce kawai ke fashewa. Ɗalibi in ya dage sai "ku" ɗinsa ya fito da ƙarfi, yakan zame zuwa "ƙu" bai sani ba, sautin ya fito a shaƙe, wuya ya gaji. K ɗin "kunu" ake so, mai iska a bayansa, a kuma furta shi can gaba wajen ganɗa, kusa da inda "ki" yake fita. Tunda shi ne mai rauni, ba shi aikinsa shi kaɗai. Busa tsani guda da "ku-ku-ku-ku" zalla, sannan "ku-tu-ku-tu", sannan "tu-ku-tu-ku", duk sannu-sannu, har mai saurare daga wani ɗaki ya kasa bambance su. Wannan ana iya bitarsa ba kakaki, kana tafe a hanya.

Mai busa da ya tsaya a nan zai yi sauri amma ba daɗin saurare, shi ya sa kullum sai ka busa waƙa. Bugun Arban da ya fi yaɗuwa yana da gajerun waƙoƙi 150, akwai kuma darussan Giuseppe Concone, malamin waƙa ɗan Italiya da ya rasu a 1861, waɗanda ya rubuta don masu rerawa da murya, daga baya aka mayar da su na kakaki. Sautukansu ba wuya. Wuyar ita ce ka san inda jimla ta nufa, inda za ka ja numfashi ba ka katse magana ba, da yadda za ka kai sautin ƙarshe ba ya rawa. Rera layin da muryarka tukuna. In ba ka iya rera shi ba, kakaki ba zai gyara maka ba. Ni a ganina ɗalibin da ya busa layi takwas na Concone har mai wucewa ya tsaya saurare ya fi nisa a sana'ar a kan wanda ya ruga darasi mai wuya da gudu.

Manyan darussa 14 na Arban, da 36 na Théo Charlier, malamin makarantar kiɗa ta Liège a Beljiyam, waɗanda suka fito a 1926, su ne inda ake haɗa komai wuri guda. Charlier ka bar shi tukuna. Na farkon Arban kana iya leƙa shi bayan wata shida na abin da na faɗa, layi biyu a mako. Kafin ka sa kakaki a baki, tafa ƙidayar da hannu, ka sa alamar numfashi da fensir, ka tambayi kanka wace dabara wurin yake nema. In tsalle ne, koma sashen tsalle. In tsani ne, koma Clarke. Haka darasin zai riƙa aikenka cikin littattafan, kai kuma ka daina tambayar wane shafi ne na gaba.

Da gangan ban ba ka atisaye na musamman don sautin sama ba. A shekararka ta uku, G da ke zaune a saman layuka biyar na rubutun kiɗa, mai cikar amo, wanda za ka iya busawa ƙasa-ƙasa ka kuma maimaita bayan rabin awa, ya fi C na sama da aka matso da hannu daraja. Hawa yana zuwa ne kaɗan-kaɗan daga zamiya da darasin farko na Clarke. Kada ka shiga canje-canjen kofin busa kana neman sirri. Kofi mai lamba 7C da ke zuwa da yawancin kakakin ɗalibai, ko wani mai kama da girmansa, ya isa wannan aikin duka.

Ga yadda zan raba maka rana. Da safe, minti 5 na dogon sauti daga G kana sauka, kowanne ka fara shi ƙasa-ƙasa, ka ƙara, ka rage. Minti 5 zuwa 7 na zamiya. Sauran kuma darasin farko na Clarke da layi uku ko huɗu na darasi na biyu, kana juya su yadda mako zai zagaye duka. Da yamma, bugun harshe daga farkon Arban, sashe guda da ka zaɓa na wannan watan, waƙa ɗaya, sannan abin da ƙungiyarku za ta busa, duk da hutu a ciki. In rana ta ƙure maka, minti 15 na dogon sauti da Clarke sun fi a tsallake ranar, domin leɓe yana da saurin mantuwa.

Mun saba ganin mai algaita ya cika kumatu yana zagaya numfashi, kuma a algaita daidai ne. A nan kuwa kumburin kumatu yana kwance kusurwoyin baki, waɗanda su ne madogarar leɓe, don haka kada ka aro shi. Lokacin hunturu kuma leɓe yana bushewa ya tsage. Sha ruwa sosai, shafa man kaɗe bayan busa da kafin barci, ka goge kafin ka ɗauki kakaki. Ba a busa a kan tsagaggen leɓe. Gajiya daban, zafi daban: in ka ji suka, ko wurin ya mutu ba ka jin taɓawa, ajiye kakakin kwana biyu ko uku, in bai wuce ba ka ga likita. Freddie Hubbard, ɗaya daga cikin manyan masu kakakin jaz na Amurka, leɓensa na sama ya tsage a 1992, ciwon ya kamu da ƙwayoyin cuta, kuma bai ƙara komawa ƙarfinsa na da ba. Ba na so ka yi wasa da wannan.

Tunda ba ka ambaci malami ba, yi amfani da wayarka. Ranar farko ɗauki muryar layi na 13 na Clarke, da zamiyar G zuwa C, da waƙa ɗaya, wayar tana nesa da kai kaɗan kuma a gefe, kada ta fuskanci bakin kakakin. Duk bayan mako biyu ka sake ɗaukar waɗannan ukun, ka saurari tsoho da sabo a jere. Ka duba ko farkon sauti yana fita nan take ko sai iska ta riga shi, ko amon ƙasa da na tsakiya iri ɗaya ne, da kuma minti nawa kake kaiwa kafin leɓe ya fara nauyi. In bayan wata biyu juriyar ba ta motsa ba ko kaɗan, to akwai abin da sai an gan shi da ido: zaman kofin ne, ko yadda kake jan numfashi, ko ma kakakin ne ke yoyon iska ta maɓalli ko ta ƙofar zubar da ruwa. A nan sai ka nemi wani tsohon mai busa a badujalar soja ko ta 'yan sanda da ke kusa da ku, wanda ya iya karatun kiɗa, ka roƙe shi ya riƙa zama da kai ko da sau ɗaya ne a wata, ya busa kakakinka da kansa, ya kuma kalli bakinka kana busa.